Uban Bakin Get

Idan aure ya mutu a Kano, abu biyu ake ja-in-ja a kansu game da yara: wa zai riƙe su, kuma nawa uban zai riƙa bayarwa. A kansu ake zaman sulhu a falon wani babba a dangi, a kansu ake zuwa ofishin Hisbah da ke Sharaɗa, a kansu ake tsayawa gaban alƙali a Ƙofar Kudu ko Gyaɗi-Gyaɗi. Amma yaushe yaron zai ga wanda ba ya kwana a gidansa, a ina, wa zai kai shi, wa zai dawo da shi, da wuya ka ji an tsaya a kan wannan. Akan sallami maganar da jimla guda: "Ai ba wanda zai hana shi ganin 'ya'yansa." Kowa ya gyaɗa kai, a shafa fatiha, a watse. In an kwana biyu sai ka tarar ganin ya koma na cikin mota a bakin get, injin ma ba a kashe ba.

A da wannan jimla tana da inda ta jingina. A cikin birni, ko a Yakasai ko a Mandawari, ba a buƙatar kowa ya yanka wa yaro ranar ganin ubansa, domin ƙafarsa ce ke kai shi. Wata Ba'amurkiya mai nazarin zamantakewa, Enid Schildkrout, da ta zauna a Kano a shekarun 1970 tana lura da rayuwar yara a Kurawa da Ƙofar Mazugal, ta rubuta abin da kowane ɗan birni ya taso ya sani: yaro ne ke da izinin shiga kowane gida. "Ba shiga" ɗin da ake rubutawa a bakin zaure na baligai ne. Yaro shi ne ɗan aike, shi ne mai talla, shi ne mai cefane, shi ke ɗaukar saƙo tsakanin matan kulle. Saboda haka ɗan da aka saki uwarsa yakan ci ɗumame a gidan kakarsa ta wajen uwa, ya biya rumfar ubansa a Kurmi ya karɓi 'yan kuɗin kashewa, da magariba su haɗu a masallacin unguwa, in ya yi ba daidai ba baffansa ya ja masa kunne a hanya. Saki ya raba miji da mata, amma bai iya raba lungu da lungu ba.

Nassarawa GRA kuwa tun asali don nisanta mutane aka shata ta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a wajen ganuwa suka kafa mazauninsu, kuma tsarin Gwamna Lugga na garuruwa ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Bature da ta 'yan ƙasa. Turawa sun tafi, manyan ma'aikata da attajirai suka gaje gidajen, katanga ta ƙara tsawo, aka ɗora mata waya, aka sa maigadi. Yaron da ke Sultan Road ko Lamido Crescent ko Alu Avenue ba ya fita da ƙafa. Mota ce ke kai shi makaranta da safe, ta ɗauko shi zuwa lesin, daga nan Islamiyya, Asabar da Lahadi kuma hadda. Ba kuma za a ga laifin iyaye ba. Wanda ya tuna yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano an sace an kai Anambra a Oktoban 2019, ko kisan yarinya Hanifa da ya girgiza garin nan a Janairun 2022, ba zai ce a saki yaro ya yi yawon zumunci shi kaɗai ba. Sai dai ga abin da hakan ya haifar: duk haɗuwar ɗa da uba yanzu sai da mota, sai da kiran waya, sai an ce wa maigadi ya buɗe. Kuma duk wannan yana hannun manya biyu da suka rantse ba za su sake yi wa juna magana ba.

Na san wani zai ce ai a ƙasar Hausa uwa ce ke rasa yara, ba uba ba. Da gaskiyarsa. Al'ada ta daɗe tana cewa ɗa na uba ne; da an yaye yaro sai a aiko a ɗauke shi, a miƙa wa matar uba ko gwaggo, uwar ta fita da kayan ɗakinta kawai. Har gobe ana yi, kuma kukan waɗannan uwaye ya cancanci sharhinsa daban. Amma a gidajen 'yan boko da masu hali lamarin yana juyawa. Macen da ke da albashi, ko gidan ubanta mai ɓangare-ɓangare, ta kuma yi Islamiyya ta san abin da littafi ya ce, ga lauya a dangi, ba a ƙwace mata yara da tsawa. Ko ta tafi da su tun farko, ko ta je kotu ta karɓo. Nan ne ake samun sabon mutum da al'adarmu ba ta tanadar masa gurbi ba: uba mai rai, mai lafiya, mai biyan kuɗin makaranta, wanda 'ya'yansa ke kwana a wani gida.

Littafin kuwa yana tare da uwa, kuma hukuncin ya girmi duk wata ƙungiyar kare haƙƙin mata. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyadina Umar ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi ta jayayya har gaban Halifa Abubakar, shi kuma ya yanke cewa a bar mata yaron. Umar, da duk kwarjininsa, bai ƙara cewa uffan ba. Wannan Asim ɗin shi ne ya zama kakan Umar ɗan Abdul'aziz. A kan irin wannan malaman Malikiyya suka gina abin da ake karantawa a Risala da Muhtasar a zaurukan Kano: reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi aure da wanda ba muharramin yaron ba, renon ya koma ga mahaifiyarta, sai 'yar'uwarta, a bi ta dangin uwa mata kafin a zo kan kaka ta wajen uba, sannan uban. Ko an zo kansa ma sai in yana da macen da za ta kula da yaron.

Maza da yawa a nan suke rufe littafin cikin fushi, alhali rabonsu yana shafi na gaba. Uba na nan a matsayin waliyyi. Ci da sha da tufafi da muhalli a wuyansa suke, kuma nasa ne ya riƙa bibiyar yaron, ya yi masa tarbiyya, ya kai shi wajen karatu, in dare ya yi yaron ya koma ya kwana wajen mai renonsa. Wato malaman nan ba su taɓa ɗaukar uba a matsayin baƙo mai zuwa gaisuwa ba. Rana tasa ce, dare na uwa. Har nisa sun auna: sun ce in waliyyi zai yi ƙaura ta zama zuwa garin da ya kai tafiyar baridi shida, kimanin mil 72, yana iya tafiya da yaron, domin a wancan zamani wannan nisa yana yanke bibiya. Abin da ba su hango ba shi ne nisan da ba na mil ba. Daga Nassarawa zuwa Bompai ko Hotoro tafiyar mintoci ce, amma uba na iya shafe zangon karatu guda bai san sunan malamin ajin ɗansa ba.

Yadda zumuncin ke mutuwa ba ya zuwa da hayaniya. Mafi yawa da auren uwar yake farawa. A doka renon ya kamata ya koma wajen kaka, amma sau da yawa uwar takan tafi da ƙananan, su zama agola a gidan wani. To wane Bahaushe ne zai je ya yi sallama a ƙofar gidan wanda ya auri matar da ya saka? Wane maigida ne kuma zai ji daɗin ganin motar tsohon mijin matarsa a bakin get ɗinsa duk Juma'a? Waya ma ba ta warware ba, domin yaro ɗan shekara shida ba shi da tasa, kiransa na nufin kiran matar wani, kuma aure nawa ne ya girgiza a kan "me ya sa har yanzu lambarsa ke wayarki?" Sai a koma wa direba. Direba ya ɗauko, direba ya mayar, direba ya kawo takardar sakamakon jarrabawa, shi ya san yarinyar ta fara sa tabarau. A wasu gidajen babu wanda ya san halin da yaran ke ciki a ɓangarorin biyu kamar shi, kuma ranar da ya bar aiki zumuncin ya tafi da shi.

A gidan uban ma ba lallai yaron ya sami wurin zama ba. Ya zo hutu ya tarar ɗakinsa ya zama na wani, amaryar Abba tana kallonsa a matsayin ɗan leƙen asirin uwarsa, wani lokaci kuma da gaskiyarta, don in ya koma za a zaunar da shi a yi masa tambayoyi: me aka dafa, wace mota aka saya mata, an yi maganata? Yaro ba wawa ba ne. Da ya gane kowace ziyara tana jawo ɓacin ran wani, sai ya fara cewa yana da aikin makaranta. Uban ya ji haushi ya ce an zuga shi. Uwar ta ce, "Ka gani, shi da kansa ba ya son zuwa."

Sai kuɗi, wanda kowane ɓangare ya mayar makami. Shi ya ce, "Tunda ta hana ni ganinsu, ta ci da su." Ita ta ce, "Wanda bai san ciwon kuɗin makarantarsu ba, da wane ido zai kalle su?" Dukansu suna cinikin abin da ba nasu ba. Ciyarwa haƙƙin yaro ce, sanin ubansa da danginsa ma haƙƙinsa ne, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, a wuri guda ba tare da fifita wani ba. A yawancin unguwannin Kano matsalar ita ce uban ya yi ɓatan dabo, ba kuɗi ba mutum. Irin kukan da ya sa Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangamin zawarawa a Janairun 2009 ke nan, wanda Hisbah ta hana. Nassarawa GRA tana da amfani wajen nazari ne saboda a nan galibi kuɗin na zuwa. Alat na shigowa kan lokaci, kayan sallah na isowa a leda mai tambarin kanti. Da aka cire talauci daga lissafin, sai abin da ya rage ya fito fili.

A nan zan ɗan taɓa 'yan'uwana maza, don ba duka laifin get da mijin uwa ba ne. Uban Bahaushe bai saba hira da ɗansa ba ko da auren na raye. Mun taso da kunyar ɗan fari, uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Saƙon yaro ta bakin uwa yake isa ga uba: "Abban su, wane fa takalminsa ya mutu." In wannan tafinta ta tafi, sai uba da ɗa su zauna a mota ba mai abin cewa. Shi ya sa ziyarar takan ƙare a Ado Bayero Mall ko gidan zu, a sha askirim, a sayi abin wasa, a ɗauki hoto a sa a WhatsApp. Wasu masana biyu a Amurka, Paul Amato da Joan Gilbreth, sun tattara bincike 63 a kan uban da ba ya zaune da 'ya'yansa, suka wallafa sakamakon a 1999. Sun gano yawan ganin kawai bai cika sauya komai ba a karatun yaro ko halayensa. Abin da ya yi tasiri shi ne biyan kuɗin ciyarwa, da shaƙuwa, da kuma uban da ke aikin uba na gaske, mai duba littafi, mai sa doka, mai sauraron damuwa, mai tsawatarwa cikin ƙauna. Amurka ba Kano ba ce, amma abin da suka gano bai yi nisa da abin da Muhtasar ya ɗora wa uba ba. Wannan aiki kuwa ba ya yiwuwa a awa biyu a kanti. Yana son yaro ya kwana, ya tashi, a tashe shi sallar asuba, a gan shi yana rigima da ƙannensa.

Kuma bashin yana jira a gaba. Ranar da yarinya ta sami miji, sai a tuna tana da waliyyi. Mijin uwa da ya raine ta shekara da shekaru yana ganin shi ya cancanci a zo neman aure wajensa, uban kuma ya ce ba a isa a ɗaura ba da saninsa ba, yarinyar na tsakiya tana kuka ana saura mako biki. In uban ya rasu kuma, ɗan da bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da 'yan ubansa ba zai zo zaman makoki ana nuna shi da baki, daga nan a wuce rabon gado tsakanin mutanen da jini kawai ya haɗa. A unguwar da gida guda ya isa a shekara ana shari'a a kansa, ba sai an faɗa wa kowa yadda irin wannan ke ƙarewa ba.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga mu zama a kan wannan. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, wadda ita ma tushenta Malikiyya ne, ta ware sashe na 180 zuwa 186 ga ziyara kaɗai: iyaye su yi yarjejeniya su kai wa kotu ta rubuta, in sun kasa alƙali ya yanka lokaci da wuri da kansa, wanda ya riƙa yi wa hukuncin zagon ƙasa kuma yana iya rasa renon. In yaro ya kai shekara 15 ya zaɓi inda zai zauna. Masar ta bi wata hanya da nake ganin darasi ce ta abin gudu. A can abin da aka saba ba uba shi ne awa uku a mako, a wurin taruwar jama'a irin kulob ko lambun shaƙatawa, kuma shekara da shekaru iyaye maza suna fafutukar a bar yaran su riƙa kwana a wajensu. Awa uku a kan benci ana kallon agogo, uban askirim ɗin nan ne aka ba shi hatimin hukuma.

Mu a Kano an taɓa ɗaukar hanya. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa malamai da masana shari'a suna tsara daftarin dokar iyali, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan batun ƙarin aure da dukan mata, sauran abin da ke ciki bai sami mai saurare ba, har aka sauke shi a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba. Daga baya ma a kan wannan batu ya yi digirinsa na uku a Landan, yana kwatanta Kano da Maroko. A Mayun 2023 Gwamna Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha, shekara ashirin bayan ta tarayya. Gwamnatoci kuma tun daga 2012 suke aurar da zawarawa ta hannun Hisbah, na Oktoban 2023 kaɗai ma'aurata 1,800 ne. Ana gwajin jini, ana ba da gado da katifa da sadaki. Da za a ƙara tambaya ɗaya a takardar tantancewar, wato 'ya'yan auren baya ina za su zauna kuma yaya za su riƙa ganin ɗaya mahaifin, da an taimaki sabon auren kansa.

Amma ni ban ga dalilin jiran majalisa ba. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa al'amuran aure da dangantakar iyali da waliccin yara na Musulmi a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma alƙalin da ke da ikon yanka kuɗin wata yana da ikon yanka ranaku. Abin da ake buƙata shi ne ya zama ɗabi'a, a kotu da Hisbah da zaman dangi, kada a tashi sai an rubuta. Wasu za su ce rubuta ranar ganin ɗa baƙon abu ne, yana busar da zumunci, yana mai da uba ɗan haya. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, tsakanin muminai masu amana, saboda an san zuciya na juyawa. Mutum biyun da suka fito daga saki uku sun fi kowane mai bashi buƙatar takarda. Wanda zumuncinsa ke tafiya lafiya ya jefa ta a durowa ya manta. Don ranar da aka yi sabon aure ko aka sami saɓani ake ajiye ta.

Akwai uban da bai kamata a ba shi yaro ya tafi da shi ba: mai duka, mai shaye-shaye, wanda ya taɓa ɗauke yaro ya ɓoye. Malamai sun sa amana da hankali cikin sharuɗɗan mai reno, babu dalilin da zai sa a yafe su ga mai ɗaukar yaro hutu. Irin wannan ya ga ɗansa a gaban wani babba da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, in abin ya yi muni alƙali ya dakatar. Ga sauran kuwa, mafi sauƙin mafita tana nan a cikin dangi: gidan kaka. Hajiya ce kaɗai mutumin da tsohon suruki zai gaisar a durƙushe ba tare da jin an ci masa fuska ba, sabon miji kuma ba shi da abin kishi a can. A ajiye yara a wajenta da yammacin Juma'a, uba ya ɗauka, ya dawo da su nan ranar Lahadi, ba wanda ya taka ƙofar wani.

Takardar ba ta buƙatar Turancin lauya. Ta faɗi ƙarshen mako nawa a wata, yadda za a raba dogon hutu, wace rana da wane lokaci uba zai kira kuma a wayar wa. Ta ce makaranta ta riƙa aika sakamako ga iyayen biyu, ta sa sunan uban cikin waɗanda aka yarda su ɗauki yaron, a kuma sanar da shi a ranar in an kwantar da yaro a asibiti, ba bayan an sallamo shi ba. Ta faɗi ƙarara cewa jinkirin kuɗi ba ya soke ziyara, hana ziyara kuma ba ya soke kuɗi. Kowanne a kai ƙararsa daban. Sai sallah, inda rigimar ta fi tashi: in yaran sun yi idi da uwarsu a ƙaramar sallah, su je gidan ubansu ranar hawan Daushe su kwana har hawan Nassarawa, a babbar sallah kuma a juya.